Shukar Gafaru

Na'urar auna zafi ta yi ƙara a goshin Gafaru, ta nuna ja. Gado direba ya girgiza ta, ya sake gwadawa. Ja dai.

"Sauka, Gafaru. Ba inda za ka."

"Haba, maigida na. Rana ne kawai ya buge ni."

"Wace rana da ƙarfe shida na safe?"

Shekara uku suna makwabtaka a masaukin ma'aikata kusa da Asian Town a Doha, ƙofa na kallon ƙofa. Gado Bakatsine ne, shi ke kai ma'aikata gonar kumba, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a bakin teku, kuma tun zuwan korona aka ɗora masa auna kowa kafin ya shiga mota. Gafaru kuwa ɗan Zangon Gana ne, a bakin kogi ya tashi yana tono kumba da mahaifiyarsa. Gado ya sha tsokanarsa cewa duk duniya bai taɓa ganin manomin da ke shuka tsakuwa a ruwa ba sai shi.

Gafaru ya rage murya. "Yau ruwa zai janye sosai, sai bayan sati biyu kuma. Irin na cikin tanki, ƙanana kaman dawa, zafi ya fara kashe su. Ni kaɗai na san shimfiɗa ragan. Yau ɗaya, khalas, shi ke nan, gobe ka kai ni asibiti da kanka."

Gado ya dubi idanunsa da suka kaɗa. Ya san abin da ya kamata ya yi, sarai ya sani. Amma kunyar makwabci ta fi ƙarfinsa. Ya kauda kai, ya ce, "Zauna can baya, ka buɗe taga."

Awa biyar Gafaru ya yi a sunkuye cikin laka, yana watsa iri, yana danne raga saboda kaguwa. Da ya fito leɓɓansa sun yi fari. Ba a jira goben ba, daga can motar asibiti ta ɗauke shi. Kwana tara ya yi, ya rasu. Ba a bar Gado ya gan shi ba, bai yi masa wanka ba, bai kama makararsa ba.

Fausiya, matar marigayin, ta kira daga Gana tana kuka tana godiya. "Ya ce kai ne ɗan'uwan shi a Doha. Allah shi biya ka."

Gado ya buɗe baki zai faɗa mata cewa shi ya bar shi ya shiga motar da zazzaɓi. "Amin," kawai ya iya cewa. Wannan amin ɗin ya fi komai ci masa rai.

Kumba ba ta sauri. Sai da aka fara gasar cin kofin duniya shukar ta isa girbi, otal-otal na rububinta. Ranar da aka loda wa Gado buhuna, manaja ya buga gefen motar yana murmushi, ya ce duk gonar ba layin da ya yi albarka kamar na Gafaru.

A unguwar Mushairib cunkoson 'yan kallo ya tsayar da shi, ga tutoci, ga ganguna. Gado ya kashe rediyo, ya kifa kansa a sitiyari. A bayansa ruwan gishiri na ɗiga daga buhunan, kaɗan-kaɗan, a kan kwalta.