Jarirai Biyu a Tabarmar Iya Hure

Ranar da na yi arba'in, tun da hantsi na ɗaure kayana. Na zo wankan gida ne wajen iyayena a Ajingi, haihuwar fari, kuma ranar ce mijina zai zo daga Gaya ya ɗauke mu ni da jaririyata.

Sunansa Sagiru, duk da ban taɓa faɗa a gabansa ba. Mutumin kirki ne wallahi, zama ne kawai bai iya ba. Ga shagon taki da maganin feshi a Gaya, ga gona a hanyar Balan, ga sayen gyaɗa in an cire, kuma shi ne sakataren ƙungiyar 'yan layinsu. Abinci ma a tsaye yake ci, waya maƙale a kafaɗa. Ni ba mai magana ba ce, kallo dai nake. Na taɓa ƙirgawa: loma bakwai, kira uku.

Tun ranar suna bai sake leƙo mu ba. Aike kam ba ya yankewa, sabulu ne, kaji ne, duk ta hannun direbobin tasha. In ya kira ni sai ya ce, "Gobe in sha Allahu ina nan tafe." Da mutanen gidanmu suka fara tambaya, sai ya aiko wai kunyar 'yar fari yake ji.

Kakata Iya Hure ta yi dariya har da tari. "Kunya? Yaron da ya yi ta ɗaukar ta hoto ranar suna har wayarsa ta mutu? To, Allah ya kawo shi."

Ni ma na yi dariyar, amma raina babu daɗi. Tsorona ɗaya, kar 'yata ta tashi ba ta san ubanta ba sai ta ƙarar babur.

Bayan azahar sai ga shi da mai keke napep. Ina jin sa daga zaure yana cewa, "Kar ka kashe, minti goma ne."

Ya gaida su Baba a gurguje, aka ce ya shiga ɗakin Iya. Ashe ta shirya masa. Matar yayana, Halima Sadiya, ta riga ni haihuwa da kwana huɗu, ita ma mace ta haifa. Iya ta sa an yi wa yaran wanka, an sa musu riga da hula iri ɗaya, an rangaɗa musu kwalli, ta jera su a tabarma. Matan gidan sun cika ƙofar ɗaki. Ni ina lungun gado, na ja mayafi.

"Angona!" in ji Iya, haka take tsokanarsa. "Ashe kana gari? Na ɗauka Makka ka tafi ba sallama."

"Wallahi Iya, hidima ce. Kin san lokacin gyaɗa."

"Na sani mana, ai gyaɗar ce ta haifa maka. To ga su nan. A ɗakin nan ba a ba da mai jego sai uba ya ɗauki 'yarsa da hannunsa. In ka dace ku tafi. In ka kuskure, Hanne ta ƙara sati."

Ya yi dariya, ya durƙusa. Sai dariyar ta fara raguwa. Ya dubi ta dama, ya dubi ta hagu. Ya zaro waya ya buɗe hoton ranar suna yana gwadawa. Yo jaririyar kwana bakwai, jajir, ido a rufe, me za ta gaya maka? Ana haka wayar ta ɗau ƙara.

"Inuwa, ina zuwa. A'a, maganin feshi mai jan murfin za ka ba shi, ba koren ba. Ka ce ya jira ni."

Yana kashewa ya saci kallona. Na gane nufinsa sarai, ido kawai zan karkata shi ke nan. Har ga Allah ina son komawa ɗakina, sati ɗaya ba kaɗan ba ne. Amma in na taimake shi, minti goman nan ne za mu ci gaba da shi har yarinyar ta yi aure. Sai na sunkuyar da kai, na kama wasa da bakin mayafi.

Ya ce bismillah, ya sunkuci ɓul-ɓul ɗin da ke barci.

Guɗa ta tashi. Halima Sadiya ta ce, "Madalla, Kawu! Sai ka haɗa har da kayan wankinta."

Ban taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba. Ta gaske ce wannan karon. Ya ajiye Khaula, 'yar Halima Sadiya, a hankali. Wayar ta sake ƙara. Ya dube ta, sai kawai ya miƙa wa Iya. Ita kuma ko gezau, ta jefa ta cikin kwallar da take ajiye goro, ta rufe. Muna ji tana ta gurnani a ciki.

"Ɗauki taka," in ji Iya. "Yo kai ko ido ba ka da shi? Dubi ƙafarta. Tun da aka haife ta take tuƙa babur. Ko nono ba ta sha a nutse, sai ta kama ta saki ta waiga. Wa ta gado?"

Ya sallami mai keke, ya dawo ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafa, aka ɗora masa 'yarmu Afra'u. Da farko riƙon buhun taki ya yi mata, sai da Iya ta gyara masa hannu. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta kama yatsansa, can ta yi barci a ƙirjinsa. Bai motsa ba har aka kira la'asar. Na kawo masa dambu, ya ci a zaune da hannu ɗaya, ya cinye tas.

Da matan suka watse ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ke ma kin ƙi cetona, ko?"

Na ce, "Ban ga kana kallona ba."

"Hanne."

"To na gani."

Ya yi murmushi.

Da zai tafi Iya ta fito masa da wayar tana ƙanshin goro. Kira goma sha tara. Ya kira Inuwa, maƙwabcin shagon nasa, hankali a tashe. Inuwa ya ce ai komai an sallama, mai jan murfin ma tuni yana gona.

"Au, ba ta tashi ba?" in ji Iya. "Duniyar nake nufi."

Na ƙara satin nan cif, Iya ba ta rage ko yini ba. Kullum bayan azahar yana nan, wayar tana kwalla. Ran na biyar ma da kansa ya buɗe ya saka.

Yanzu muna Gaya. Ba zan ce ya zama wani mutum daban ba, har yau wani lokacin takalmi ɗaya a ƙafa yake karyawa. Amma ya sauke sakatarcin, kuma ranar Juma'a in an sauko masallaci ba ya komawa shago. Ranar da muka taho Iya ta cusa min wata 'yar kwalla a cikin kayana. Tana nan kan durowa, shi da Afra'u kuma suna tabarma, kowa yana tuƙa babur ɗinsa.