Sandar Latir a Bakin Rafin Mbolo

Badji ya danne taswirar da ƙoƙon shayi don kada iska ta ɗauke ta. Shi ofishi ya turo tsibirin ya haɗa dokokin kurmi da na teku a takarda ɗaya, gobe a sa hannu.

"Koren nan na masu kula da kurmi ne, ya tsaya a saiwar itace. Shuɗin nan na masu kula da teku ne, ya fara daga bakin gaɓa."

Tsoho Latir Ndong ya ɗora yatsa a kan farin da ke tsakani. "Wannan fa?"

"Rafin Mbolo. Ba mai shi. Za a rubuta kowa ya yi su, rani da damina."

Shekara talatin da ɗaya Latir ke kafa sanda mai ganyen kwakwa a bakin rafin idan damina ta faɗi. Muddin tana tsaye, ba mai jefa taru. Idan takardar ta wuce haka, jiragen baƙi za su kwashe kifinsa cikin wata guda.

"Tashi, bawana," in ji Latir. Badji ɗan Jola ne, abokin wasan Serer, ƙabilar Latir.

"Baba, yaushe bawa ya fara kiran ubangijinsa?"

"Cire takalmin."

Suka shiga kwalekwale. Ruwa ya janye, Badji ya nutse a laka har gwiwa. Latir ya kama hannunsa ya tura cikin saiwoyi. 'Ya'yan kifi suka watse a tsakanin yatsunsa, baƙi ƙirin kamar an zubar da gero.

"Kifin masu teku a gindin itacen masu kurmi ake haifarsa. Ta nan yake fita."

Badji ya fito daga lakar. Sannan ya tsaya kusa da sandar, ya danna na'urarsa ta auna wuri, ya kwafe lambobin wurin.

"Iyakar hana jefa taru ta zauna nan har abada," in ji shi.

Latir ya dubi yashi, ya dubi ruwa. Ya tuge sandar, ya yi taki goma sha biyu gaba, ya sake kafa ta.

"Baba, yanzu na gama rubutawa."

"Bakin rafin ya matsa bana. Baɗi ma zai matsa."

Badji ya soke lambobin, ya yi wani rubutu gajere.

"Me ka sa? Ban iya karatu ba."

"Na sa: iyaka tana inda sandar dattijon tsibiri ta tsaya."

Latir ya gyara ɗaurin ganyen.

"Tura kwalekwalen," in ji shi. "Ruwa na dawowa."