Irin Tattasan Malam Modu

Ranar wata Laraba ce, damina ta janye, rana tana dukan fadamar Katuzu har ƙasa na tsagewa. Zarami ya tsaya a kan fangalin tattasai yana kallon dashensa, ganyen duk sun yi rawaya.

Irin mahaifinsa ne, Malam Modu, wanda ya rasu da damina. Shekara da shekaru tsohon yana zaɓar tattasan da suka fi nama, ya shanya, ya fitar da ƙwaya ya zuba a ɗan gora. Da Zarami ya bar acaɓarsa a Nguru ya dawo riƙe gida, sai ya juye goran duka ya shuka, don yana so a ga gonar ta fi ta bara. Jujin takin da tsohon ya tara a bayan gida kuwa, ambaliya ta tafi da shi.

Sabitu, maƙwabcinsa a fadama, ya leƙo yana dariya.

"Ɗan acaɓa, shukarka yunwa take ji. Ko fetur za ka ba ta?"

Zarami ya juya ya bar fadamar. Ya ari amalanke ya nufi karar Gashua, kasuwar dabbobi, inda shanu suka wuni a tsaye. Ya loda kashinsu har ya yi tozo. Samansa ya bushe ƙayau, shi kuwa ya ce ai shi ke nan.

A ƙofar gida mahaifiyarsa Meram ta tare shi. Ta ɗauki dunƙule ɗaya ta fasa, cikinsa kore ne shar, da ɗumi.

"Wannan fa?"

"Taki ne, Inna."

"Kashi dai. Mahaifinka ba ya kiransa taki sai ya kwana a juji, ya sha ruwa, ya sha rana, warin ya fita, ya yi baƙi yana marmashewa a hannu. Wannan da wutarsa a ciki. Ka jibge shi a bayan gida sai baɗi."

"Baɗi? Inna, kafin baɗi ai shukar ta mutu. Zan zuba kaɗan ne, in bi shi da ruwa."

Ba kaɗan ya zuba ba. Kowane gindi ya cusa masa cikin hannu biyu, ya danne da ƙasa, ya tada inji ya sako ruwa. Da ya ga ƙasar fangalin ta yi duhu sai ransa ya yi sanyi, har ya ce a zuci Malam da ya gani da ya yaba.

Kafin wata Laraba ganyen suka fara naɗewa, bakinsu kamar an gifta musu wuta. Ya ƙara ruwa, ya shiga tone kashin da yatsu yana watsarwa. Da ya ja shuka ɗaya sai ta taho ba gardama, saiwar ta ƙone ta yi baƙi.

Sabitu ya zo ya tsuguna kusa da shi, wannan karon babu dariya.

"Ina da ragowar dashe, na kanti ne. Ka zo ka ɗiba."

"Na gode," in ji Zarami. "Ba na Malam ba ne."

Da la'asar ya shiga gida ya tarar da Meram ta sauko da goran daga inda yake rataye. Ta kife shi a tafin hannu, ta bubbuga gindinsa, ta sake bubbugawa. Ƙura ce kawai ta fito. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta goge goran da gefen zaninta ta mayar da shi mazauninsa.

Fangali goma sha huɗu ne suka ƙone, babu gindi ɗaya da ya tsira. Irin Malam Modu kuma ko ƙwaya ɗaya bai rage ba.