Jan Fenti a Bangon Yaya

Auta dai bakinsa ne ya ja masa. Mai awon ƙasa ne a ma'aikatar ayyuka, kuma tun da aka sa shi cikin masu fitar da layin sabuwar hanya da gadar kogi, ba mai zama da shi bai sha labarin kwalta ba. Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta tambaye shi ko ta ƙara ɗakuna a gidanta. Har da bugun ƙirji ya ce ta gina abinta, hanya ta can bayan makaranta za ta bi, shi da hannunsa ya kafa turakun.

To, ashe ƙasar bakin kogin ba ta yarda ba. Da aka haƙa aka gwada, sai aka tarar laka ce zalla, ba za ta ɗauki ginshiƙan gada ba. Injiniyoyi suka matsar da gadar, hanya ta bi ta, sabon layin ya ratsa tsakar gidan Yaya.

Auta ya ga haka a kwamfutar ofis tun ginin yana iya taga. Ya ce gobe zai faɗa mata, goben kuwa ta ƙi zuwa. Ya je gidan ya ci abinci, ya yaba bulo, har shawarar launin ƙofa ya bayar, don rashin ta ido. Duk sanda ya buɗe baki sai ya ji tana gaya wa maƙwabta ai ƙanenta ne ke riƙe da hanyar nan, sai maganar ta koma ciki. Kunya ce ta hana shi, ba mugunta ba, amma ginin bai fasa tashi ba.

Ranar sa wa gidajen da za a rushe alama ya so ya fake da ciwon kai, ogansa ya ce ai shi ya san unguwar. Suka taho gida-gida, leburori na biye da bokitin jan fenti. Yaya na shanya kaya a igiyar da ta ɗaura jikin sabon bangon. Ta hango shi ta washe baki, har ta ce a kawo wa baƙi ruwa. Sannan ta ga alamar da ke bangon maƙwabcinta, fentin bai ko bushe ba, ta ga kuma an dire bokitin a ƙofarta.

"Auta, tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Kafin a ɗora kwano."

Ya so ta zage shi, ta mare shi ma a gaban leburorin, wallahi da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna yadda ake yi wa baƙon hukuma.

"Yallaɓai, a ɗan yi mini haƙuri in kwashe shanyata tukuna."