Ruwan da Ba a Zuba wa Vidoje Ba

Da hantsi, ana yayyafi mai sanyi, na tarar da kakata Stamena tsaye a bakin ƙofa ba takalmi. Ta daɗe da manta sunana. Likita ya ce haka ciwon yake, abin jiya ya gudu, na da can ya zauna daram.

"Kaka, shigo mana, sanyi zai kama ki."

"Kai dogon banza, ba ka ga Vidoje ba? Ga shi gindin bishiyar tuffa da akwatinsa. Ba a zuba masa ruwa ba, yaya zai tafi?"

Vidoje ƙanenta ne. Tun ba a haifi babana ba ramin kwal ya rufta da shi. A wajenmu akan watsa ruwa a bayan matafiyi don hanya ta yi masa sauƙi, amma ranar da zai tafi aikin kwal ɗin sun yi faɗa, ta ƙi fitowa.

Na duba gindin tuffa. Ba kowa, sai wani wuri busasshe a ƙasa, daidai faɗin akwati.

Na ja hannunta, ta ƙi motsi, haƙoranta na kaɗawa. Sai na ɗebo ruwa a kofi, na riƙe hannunta muka watsa tare.

Ta bi hanya da ido a hankali har inda hanyar ta yi kwana, sannan ta shige ciki. Na durƙusa na sa mata safa, ko kallona ba ta yi ba.