Igwar Gyaɗa

Manasseh ya kafa ido ɗaya a bakin bututun injin matsar gyaɗa, ya rufe ɗayan, ya ɗaga ƙarfen saitin rana. Ya daɗe a haka yana murmushi shi kaɗai. Matarsa Angelina tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, ga buhu biyu na soyayyar gyaɗa jingine da bango tun safe.

"Baban Goodness, me kake nema a ciki? Yau kwana uku injina yana kwance."

"Ba nema nake ba, duba aiki nake. Zo ki ga kyau."

"Ni ba kyau nake son gani ba. Mai nake son gani."

Shekara ashirin da biyu Manasseh ya yi a soja, a ɓangaren manyan bindigogin nan da ake kira igwa. Bai taɓa harba ko guda ba. Aikinsa shi ne leƙa cikin bututunsu da tocila, ya faɗi wadda ta gaji da wadda take da sauran kwana. Da ya yi ritaya ya zauna a Kazaure, ya zo da ilminsa gaba ɗaya, kuma bai yi rowarsa ba. Mai shayi ya sha bayani, masu adaidaita sahu sun sha, har Fasto ya sha sau biyu a tsaye.

Bayanin ba ya canzawa. Cikin bututun igwa ba sumul yake ba, an yanka masa tsaga masu murɗewa kamar tufkar igiya. Shi kuma harsashi yana da zoben jan ƙarfe a ƙugu. Zoben nan ne yake cizon tsagar, harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi kai tsaye inda aka aike shi. In murɗar ta fara da gaggawa, zobe ya zagwanye. In ta fara a hankali tana ƙaruwa, zobe ya fita da mutuncinsa. A nan Manasseh yakan ɗaga yatsa ya ce duk duniya a kan wannan take tafiya, amma yawanci kafin ya kai nan mai sauraro ya tuna ana jiransa a wani wuri.

Da a baki ilmin ya tsaya, da an zauna lafiya. Ya gyara janaretan coci, tun daga ranar sai an karkata shi gefe guda yake tashi. Ya gyara famfon unguwa, aka saya wa famfon kwaɗo. Keken ɗinkin maƙwabciya kuwa har yau da baya yake ɗinki. Ɗaya bayan ɗaya aka raba shi da duk wani abu mai noti, cikin ladabi da "Allah ya huta gajiya, Baba Saja". Injin Angelina kaɗai ya rage masa a garin.

Ciwon injin sananne ne. Akwai zobe a bakin bututun, inda tunkuza take fitowa bayan an matse mai, kuma duk wata sai ya cinye an sake wani. Manasseh ya ce ya san wannan cuta tun Angelina tana budurwa. Ya kwance bututun ya kai Kano, ya tsaya a kan mai sassaƙar ƙarfe wuni guda har aka yanka tsagar yadda yake so, aka ƙera masa zoben jan ƙarfe.

"Saurara da kyau," in ji Angelina. "Na aika a kira Halliru bakanike. In aka kira azahar injin nan bai ba ni mai ba, shi zai karɓa. Kai kuma ka ɗauki rediyonka ka koma kujerarka ta gindin darbejiya, kada in ƙara ganin hannunka a kan ko cokalina."

Manasseh ya dubi gindin darbejiyar. Kujerar nan yake tsoro fiye da komai. Ya ga abokan aikinsa da suka zauna a irinta, ba wanda ya ƙara tambayarsu komai sai yaya jiki. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure noti.

Halliru bai jira azahar ba. Sha biyu da rabi ya yi sallama da jakar kayan aikinsa, sanye da sabuwar hula mai aiki, don daga nan ɗaurin aure zai wuce. Tare suka shigo da Zaituna mai gyaɗar, wadda ta kawo buhunan tun safe daga Gwiwa kuma ta rantse ba za ta koma da buhu ba sai da jarka.

Halliru ya rusuna. "Baba Saja, barka da aiki. Ni ba karɓe maka na zo yi ba, Mama ce ta ce in zo in zauna."

"Zauna mana. Zauna ka koyi abu."

Halliru ya ja benci can jikin bango, nesa da maiƙo saboda kayansa. Bai lura ba, kuma ba wanda ya lura, cewa bakin injin shi yake kallo.

Manasseh ya ɗaure noti na ƙarshe, ya miƙe, ya gyara tsayuwa. "Maman Goodness, kunna."

Inji ya yi tari sau biyu ya kama. Angelina ta zuba gyaɗa kwano guda, ta ƙara wani. Sai ga mai ya fara ɗiga, daga ɗiga ya koma zuba, garau da shi, har ƙanshi ya cika gidan. Zaituna ta matso ta leƙa robar da ke tarar man.

"Ikon Allah! Maman Goodness, ai ban taɓa ganin injinki ya yi irin wannan kyauta ba."

Manasseh ya dubi Halliru ta gefen ido, ya fara share murya don bayani. Angelina ce ta katse shi.

"To ina tunkuzar?"

Gaskiya ne. Gyaɗa tana shiga, mai yana zuba, amma bakin bututun shiru. Inji ya fara wani gurnani daga can ciki, yana ƙara nauyi. Duk gidan mutum ɗaya ne ya san ma'anar wannan murya.

"Kowa ya kwanta!"

Manasseh ne ya yi ihun, kuma shi kaɗai ya kwanta. Aka ji fut! Dunƙulen tunkuza kamar ƙwan agwagwa ya fito yana juyawa, ya ratsa tsakar gida, ya tsince hular Halliru daga kansa ya manna ta da bango. Halliru ya shafa kai ya ji iska. Kafin ya gama salati, dunƙule na biyu ya fito, ya sauka a kan hular. Na uku ma a kan hular. Halliru ya bar benci da rarrafe, Zaituna ta shige bayan buhu tana dariya har da hawaye, Angelina ta kashe inji.

Manasseh ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Ya san ya kamata ya ba da haƙuri, kuma ya yi niyya, amma ƙafafunsa suka riga shi. Ya taka daga bakin inji zuwa bango yana motsa leɓe, ya tsaya ya duba inda ukun suka haɗu.

"Baban Goodness, ƙirga taku kake yi?"

"Sha takwas," ya ce a hankali. "Kuma duka wuri ɗaya."

"Wuri ɗaya a kan hular mutane!"

Ta juya wajen Halliru, wanda yake ɓamɓaro hularsa da sukundireba. "Halliru, ka yi haƙuri don Allah. Duba min shi, ka faɗa min gaskiya."

Halliru ya kwance bakin injin ta gefe, bai yarda ya tsaya a gabansa ba. Ya ciro zoben ya goge, ya juya shi a rana. Manasseh ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci.

"Mama, ba zan yi wa Baba ƙarya ba. Da tsohon zobe ne da yanzu ya fara nuna ci. Wannan ko ƙwarzane babu. Amma harbin ba ni da maganinsa. Sai dai a sa sabon bututu, a koma yadda ake da, mai kaɗan, zobe duk wata."

Angelina ta dubi robar da ta kusa cika daga kwano biyu kacal. Ta dubi bango. Daga masallacin unguwa aka fara kiran azahar. Sai ta dubi mijinta, tsoho mai furfura da maiƙo har goshi, tsaye kamar wanda aka kama da akuyar wani, tausayinsa da haushinsa suka kama ta lokaci guda.

Ta shiga kicin ta fito da babban farantin silba, ta danƙa masa.

"Mai ya zo kafin azahar, ba zan ci amanar magana ba. Injin naka ne. Amma tunkuzata ba za ta ƙare a bango ba. Duk ranar da aka kunna shi, nan za ka tsaya, a gabansa, ka tare min ita. In guda ta taɓa ƙasa, ni da kai ne."

Manasseh ya dubi faranti, ya dubi baƙin ramin bututun da ke kallon ƙirjinsa. Ya ajiye farantin ya shige ɗaki. Aka ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado.

"Ya yi fushi," in ji Zaituna. "Kin ɗan tsananta, Maman Goodness."

Labule ya ɗaga. Manasseh ya fito da tsohuwar hular kwanonsa ta soja a ka, ya ɗaure igiyarta a haɓa. Ya ɗauki faranti da hannu biyu, ya ware ƙafafu a gaban inji.

"Halliru, mayar da zobe ka matsa gefe," ya ce. "Maman Goodness, kunna."