Tubalan Bangon Yamma

Jikar Inna Hindu bakwaini ce, an haife ta cikin sanyi, shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya fara cin gonakin ƙauyensu, can bayan Maradun. Kai, abin tausayi, ɗan tsako ma ya fi ta nama. An gwada kaskon garwashi, hayaƙi ya sa ta tari har ta shiɗe. Sai tsohuwar ta ɗauke ta zuwa soron da marigayi mijinta ya gina, ta yi mata shimfiɗa a gindin bangon yamma.

Bangon nan kauri gare shi. Yini yake yana shan rana, sai bayan magariba ya fara sakin ɗuminsa a hankali, har asuba bai huce ba. A nan yarinya ta daina karkarwa, ta kama nono.

Ana haka hukuma ta ce kowa ya tashi. Labaran, uban yarinyar, ya riga ya leƙo inda za a kai su, bai kuma ɓoye wa uwarsa ba: ɗakunan kwano ne, da rana gashi, da dare sanyi har ƙashi. Inna Hindu ta ce ba inda za ta. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta zagi ruwan da wanda ya tare shi. Ruwa kuwa ko a jikinsa, kullum sai ya ƙara matsowa. Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan da la'asar ta dafa bangon. Sama zafi rau, gindinsa kuwa ya jiƙe, sanyi ƙalau. Ruwa ya iso ke nan. Ita da ko ƙusa ba ta yarda a buga wa ginin nan ba, don shi kaɗai ya rage mata na mijinta, ita ce ta kira Labaran ta miƙa masa diga.

"Hwasa shi. Ka hiddo min tubalan sama, masu zahi."

"Inna, ginin Baba ne fa."

"Na san wanda ya gina shi. Hwasa."

Ta goya jikarta ta juya baya. Kowane sara a ƙirjinta ya sauka.

A sabon gari kullum takan shanya tubalan a rana kamar hatsi, da yamma ta jera su kewaye da yarinyar. Yarinya ta yi kumari, ta rayu. Tsohuwar kuwa har ta koma ga Allah ba ta ƙara bin hanyar da ake hango ruwan ba.